Ɗan Sandan Da Ba Ya Riƙe Bindiga: Dalilin Da Ya Sa Muke Kallon Columbo A Ofishin Ƙungiya



A taronmu na ƙarshen wata, ɗaya daga cikin iyayenmu ya miƙe ya yi ƙorafi cewa mun mayar da ofishin ƙungiya gidan kallo. Ya ce duk daren Asabar ana tara samari har da masu furfura ana kallon fim ɗin Turawa, alhali matsalolin da ke gabanmu sun fi ƙarfin wasa. Maganar babba ce, ba a ƙi ta, kuma lokaci bai ba mu damar amsawa yadda ya kamata a wurin ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a nan, kowa ya ji abin da ake kallo da dalilin da ya sa muke ganin a bar shi ya ci gaba.

Abin ya faro ne a daminar bara. Mun tashi daga wani zama bayan sallar isha'i, ruwa ya tsare mu a ofis, titi ya cika, ba halin fita. Sai wani yaronmu mai gyaran waya ya jona wayarsa da talabijin ɗin ofis, ya ce bari ya sa mana wani tsohon fim da ya samu a wurin maigidan da yake yi wa gyara. Ba wanda ya kula da farko. Can sai ga wata tsohuwar mota ta shigo cikin hoton tana tari, sai wani dattijonmu tsohon direba, wanda ya shekara ashirin yana jigila tsakanin Kano da Legas, ya gyara zama ya ce, "Kai yaro, tsayar min da wannan. Wannan ai Fijo ce!" Yaron ya ce, "Baba, a Amurka fa ake wasan." Dattijon ya ce ko a ina ne, shi dai ya san Fijo idan ya gan ta. Gaskiyarsa kuwa, Fijo 403 ce, yayar 404 da 504 ɗin da muka taso muka gani, waɗanda kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa irinsu a 1975. Daga motar aka koma kan mai motar, kuma har ruwa ya ɗauke ba wanda ya tashi.

Sunan wasan Columbo. Wasan 'yan sanda ne na talabijin da wasu marubuta biyu, Richard Levinson da William Link, suka ƙirƙira. An fara nuna Peter Falk a matsayin Laftanar Columbo a 1968, sannan wasan ya kankama a tashar NBC daga 1971 zuwa 1978. Ya dawo a tashar ABC a 1989, aka ci gaba jefi-jefi har 2003. Gaba ɗaya kashi 69 ne, kowanne da labarinsa, kuma kowanne ya haura awa guda. Columbo jami'i ne a sashen binciken kisan kai na 'yan sandan birnin Los Angeles. Shi kuwa Falk ya rasa idonsa na dama tun yana ɗan shekara uku saboda cutar daji, da idon gilashi ya yi dukan rayuwarsa, kuma ya rasu a 2011 yana da shekara 83.

Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne, ba a ɓoye maka wanda ya yi kisan. A mafi yawan kashe-kashen wasan, minti goma sha biyar ko ashirin na farko kana kallon mai laifin ne yana shirya abinsa, yana aikatawa, yana goge sawunsa, yana tanadar shaidun da za su ce yana wani wuri a lokacin. Sai ya gama ya koma gida hankali kwance, sannan Columbo zai bayyana. Kai mai kallo ka riga ka san gaskiya. Abin da ya rage maka shi ne ka ga yadda za a tabbatar da ita. Nan ne darasin yake, domin sanin cewa mutum ya yi laifi daban, kafa masa hujja daban.

Abu na biyu shi ne su wane ne masu laifin. Ba ɓarayin kaji ba ne, ba kuma yaran bakin tasha ba. Likitan tiyata ne, marubucin littattafai, ɗan takarar majalisar dattawa, shugaban makarantar soja, attajiri mai gida kamar fada. Shi kuma wanda zai bincike su gajere ne, gashi a hargitse, rigar ruwa a yamutse kamar ya kwana a cikinta, kullum yana lalube aljihu yana neman fensir. A wani kashi na 1974 ya shiga gidan ciyar da marasa galihu neman wani shaida, sai matar da ke kula da wurin ta ɗauka shi ma mabuƙaci ne, ta ba shi abinci ta tafi nemo masa wata riga. Manyan nan suna ganinsa sai su raina shi. Shi kuma ba ya jin haushin rainin, da shi yake aiki. Zai gaishe ka da ladabi, ya yabi gidanka, ya kawo zancen matarsa da ba a taɓa nuna fuskarta ba, ya yi sallama har ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo ya dafa goshi ya ce, af, saura abu ɗaya. Wannan abu ɗayan shi ke warware ƙullin ƙaryar.

Abu na uku, wanda ya fi tsaya mana a rai: ba ya yawo da bindiga. Ba ya marin kowa, ba ya rataye kowa, ba ya kulle mutum a ɗaki ya ce sai ya amsa laifi. Akwai ma wani kashi da ofishinsu ya dame shi saboda ya yi shekaru bai je gwajin harbi ba. Makaminsa ido ne da kunne da haƙuri.

Bari mu ba da misalai, don wanda bai taɓa zuwa ba ya san irin abin da muke nufi.

A cikin An Exercise in Fatality na 1974, wani mai gidajen motsa jiki ya kashe abokin kasuwancinsa, ya sauya masa kaya zuwa na wasanni, ya ɗora masa ƙarfen ɗagawa a wuya don a ce haɗari ne. Columbo ya tsaya a kan igiyar takalmin mamacin. Ya lura cewa idan kai ka ɗaura wa kanka takalmi, madaukin yana faɗawa ne ta wani ɓangare, idan kuwa wani ne ya durƙusa a gabanka ya ɗaura maka, sai ya juya. Ke nan wani ne ya sa wa mamacin takalmin. Ranar da muka kalli wannan, sai da samari uku suka kwance takalmansu suka gwada a tsakar ofis.

A cikin Suitable for Framing na 1971, wani masanin zane-zane ya kashe kawunsa don gado, ya ɗauki zanen da aka ce an sace ya ɓoye a gidan wata baiwar Allah don laifin ya faɗa kanta. Bai sani ba, tun da farko Columbo ya taɓa zanen a gidansa lokacin da suke cikin jaka. Da aka gano su a gidan matar, Columbo ya ce a duba shatin yatsu, ba na mai laifin ba, nasa shi kansa. Mutumin ya daka tsalle ya ce ai yanzun nan ka taɓa su. Columbo bai ce uffan ba, ya zaro hannayensa daga aljihu, ga su cikin safar hannu. Nan wasan ya ƙare.

Wanda kuwa ya sa ofis ya yi tsit shi ne A Friend in Deed na 1974. Mai laifin mataimakin kwamishinan 'yan sanda ne, wato ogan Columbo. Ya kashe matarsa, ya so ya maƙala wa wani tsohon ɓarawo. Columbo ya sauya adireshin da ke cikin fayil ɗin ɓarawon, ya bar ogan ya leƙa. Ogan ya je wannan adireshi ya ɓoye kayan adon da aka ce an sace, sannan ya jagoranci samame. Da aka gano kayan, sai Columbo ya shaida masa cewa ɓarawon bai taɓa zama a ɗakin ba. Shi Columbo ne ya kama hayarsa, rigunan da ke cikin durowa nasa ne, kuma ban da shi ba wanda ya ga wannan adireshi sai ogan. Wani ɗan uwanmu mai gadi ya girgiza kai ya ce, "Ƙaramin ɗan sanda ya kama kwamishina, kuma ya kwana a gidansa lafiya?"

Da kallon ya yi nisa, yaran suka gaya mana cewa wasan yana da masoya a duniya da ke da zaurukansu a Facebook, sai muka shiga ɗaya don mu ga abin da ake yi. Mun tarar da mutane daga Amurka, Ingila, Faransa, Japan da wasu ƙasashe, tsofaffi da yaran da ba a haife su ba lokacin da aka ɗauki wasan. A can muka ji cewa kashin farko na zangon 1971, Murder by the Book, Steven Spielberg ne ya ba da umarninsa yana ɗan shekara 24, kafin duniya ta san shi. A can muka ji cewa rigar ruwan nan ta Falk ce ta kansa, kuma har mutum-mutumin Columbo da karensa aka kafa a birnin Budapest a 2014. Da muka gabatar da kanmu muka ce daga Nijeriya muke, kuma mu a wurinmu Fijo motar gida ce, sai tambayoyi suka yi ta zuwa. Dattijonmu direba ya zauna ya yi bayanin yadda ake lallaɓa tsohuwar Fijo idan ta ƙi tashi da asuba, muka fassara muka aika.

Amma abin da ya fi burge mu a zauren shi ne yadda suke gardama. Sukan yi kwana biyu suna musu a kan ko hujjar da Columbo ya kawo za ta tsaya a gaban alƙali. Wanda duk ya faɗi magana, za a ce masa a wane kashi ka gani, a minti na nawa? Idan ba shi da amsa, maganarsa ta faɗi, ba zagi, ba ashar. Misali, sunan Columbo na farko. Ba a taɓa kiransa da shi a wasan ba, amma a wani kashi na 1971, idan ka tsayar da hoton daidai lokacin da ya nuna katin aikinsa, za ka ga an rubuta Frank. Sai dai an daɗe wasu na cewa Philip ne. Asalin wannan kuwa, wani marubucin littafin kacici-kacici mai suna Fred Worth ne ya ƙirƙiri sunan da gangan ya sa a littafinsa, don ya kama duk wanda zai kwafe masa aiki. Masu wasan Trivial Pursuit suka kwafa ba su bincika ba, ya kai su kotu a 1984 yana neman dala miliyan 300. Bai ci shari'ar ba, amma ƙaryar ta yaɗu ta zauna a bakin mutane. Da muka karanta wannan, sai muka tuna da saƙonnin da ake turowa a zaurenmu na WhatsApp, a ce an kashe mutum kaza a gari kaza, kowa ya tura gaba, ba mai tambayar wa ya gani.

To, me duk wannan ya shafe mu da shi?

'Yan uwa, mu baƙi ne a inda muke zaune, ko da an haifi wasunmu a nan. Mun san abin da zargi ba hujja yake jawowa, domin sau da yawa a kanmu yake sauka. Ba mu manta da Uromi ta Jihar Edo ba, inda a watan Maris na 2025 aka tare matafiya mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16 ba tare da an kai su gaban kowa ba. Allah Ya ji ƙansu. Abin da ya rasa a wurin nan shi ne mutum ɗaya da za a saurara ya ce ku tsaya, a yi tambaya tukuna.

Sai dai kafin mu nuna wasu da yatsa, mu dubi gida. Da yawanku kun san abin da ya faru a kasuwarmu shekara biyu da suka wuce. Kuɗi suka ɓata a shagon wani ɗan uwanmu, nan take aka ce yaron shagon ne, don shi ne baƙo kuma shi ne ba shi da kowa. Aka dake shi har sai da ya amsa. Bayan kwana huɗu aka tarar da kuɗin a cikin buhun da mai shagon da kansa ya cusa su ya manta. Yaron ya amsa laifin da bai yi ba, don duka ya ishe shi. Ya tattara kayansa ya koma gida, har yau ba mu san halin da yake ciki ba. Mu da muke rubuta wannan muna wurin, kuma ba mu hana ba. Da a ce ranar akwai wanda ya yi tambayoyi uku kacal, yaushe aka ga kuɗin na ƙarshe, wa ke riƙe da makulli, ina aka saba ajiye su, da ba a taɓa yaron nan ba.

Duk mako ana kawo ƙara ofishin nan kafin ta kai ga Sarkin Hausawa ko caji ofis: bashi, amana, rikicin rumfa, kayan da suka ɓata a hanya. Mu ne masu sauraro, kuma ba wanda ya taɓa koya mana yadda ake bincike. A addininmu ma mun san wanda ya kawo ƙara shi ke kawo shaida, kuma zato zunubi ne, amma idan rai ya ɓaci sai mu manta. Tun da muka fara wannan kallo mun ga canji a zamanmu na sulhu. Yanzu mukan ji kowane ɓangare shi kaɗai, mu rubuta abin da ya faɗa da lokacin da ya ambata, mu dawo bayan kwana biyu mu sake tambaya. Mai gaskiya maganarsa ɗaya ce. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Samarinmu kuma, musamman 'yan acaba da masu tura baro, sun taso suna ganin cewa bincike da duka abu ɗaya ne. Ya kamata su san ko a dokar ƙasar nan ba haka ba ne. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta dukan wanda ake tuhuma don ya amsa laifi, kuma hukuncin wanda ya yi hakan zai iya kai shekara 25 a gidan yari. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin ɗan uwansa, ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Idan mun karanta musu wannan a taro, barci suke yi. Amma bayan sun kalli yadda aka kama mai laifi da igiyar takalmi, da kansu suke tambaya, to mu nan me doka ta ce?

Yanzu ga ƙorafe-ƙorafen da muka ji, kuma ba mu ce ba su da tushe ba.

An ce wasan na wasu mutane ne masu wata al'ada, akwai giya, akwai shigar da ba tamu ba, shi kansa Columbo ba ya rabuwa da sigarinsa. Haka ne. Shi ya sa muke fara duba kowane kashi kafin a nuna, wanda bai dace ba mu tsallake shi, kuma ba ma barin ƙananan yara. Amma duk wanda ya san abin da samarinmu ke kallo a wayoyinsu da daddare zai yarda cewa wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba a cika nuna jini ba, ba tseren motoci, ba ɓarin wuta.

An ce yana koyar da kisa. Mu dai abin da muka gani shi ne, duk wayon mai laifi da kuɗinsa, sai ya bar wata 'yar ɓaraka. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

An ce ai tatsuniya ce, ba ɗan sanda irin wannan ko a Amurka. Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma mun yarda da rabinta. Rundunar da aka ce Columbo yana yi wa aiki, ita ce jami'anta suka yi wa baƙar fata Rodney King dukan kawo wuƙa a 1991, kuma da kotu ta sallame su a 1992 birnin ya kama da tarzoma. Ba kuma mu manta da George Floyd a 2020 ba. Har ila yau, Columbo kansa yakan yi dabara ya kafa tarko, wani lokaci har da ƙarya, kuma masoyansa ma suna musu a kan ko hakan daidai ne. Ba mu ce ku ɗauke shi waliyyi ba. Amma Hausawa ba su daina ba yara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi don an san ba a yi su ba. Wanda bai taɓa ganin yadda aikin kirki yake ba, ko a wasa, ba zai san abin da zai nema ba, ba kuma zai san abin da aka hana shi ba.

An ce Turanci ake yi, da yawanmu ba sa ji. Muna da yara biyu da ke fassarawa, a tsayar a yi bayani a ci gaba, kamar yadda kuka saba da fassarar fina-finan Indiya. Har ma wasu sun fara tsintar Turancin da suke amfani da shi a kasuwa.

Saboda haka abin da muke roƙo a wurin iyayenmu da shugabanni shi ne a bar zaman daren Asabar ya ci gaba, bisa sharuɗɗa: a fara bayan sallar isha'i, kashi ɗaya kawai, man janareta daga aljihun masu kallo ba daga asusun ƙungiya ba, sannan a ware minti ashirin a ƙarshe a tattauna yadda aka gano gaskiya da abin da za mu ɗauka. Idan lamarin ƙungiya ya taso a daren, kallo ya jira.

Shi kuma babanmu da ya yi ƙorafi, muna gayyatarsa da girmamawa ya zo Asabar mai zuwa ya zauna a kujerar gaba. Gani ya kori ji. Za mu sake sa na kwamishinan nan saboda shi. Idan ya kalla har ƙarshe ya ce ba alheri a ciki, mu 'ya'yansa ne, za mu kawo maganar gaban taro a yanke abin da ya dace.

Wanda kuma ya san inda yaron shagon nan yake a yanzu, don Allah ya same mu a ofis. Akwai haƙurin da ya kamata mu ba shi.

Allah Ya tsare mu daga zargin da ba mu ji ba ba mu gani ba, Ya kuma tsare wasu daga namu zargin. Allah Ya ba mu zaman lafiya a inda muke, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya